Kifin Hajiya da Ƙofar da Aka Kulle a Haɗejiya

Mun tashi da asuba daga Kano, liman na sallamewa muka kama hanyar tashar Yankaba. Mu uku ne: ni, da dattijon da ke shugabantar ƴar ƙungiyarmu ta masu kiwon tarwaɗa, sai wata Hajiya wadda a wurinta dukkanmu muke sayen ƴaƴan kifi. An gayyace mu wani babban taro na masunta da masu kiwon kifi a Haɗejiya, wanda aka yi ta kururutawa a rediyo har muka ɗauka in ba mu je ba an bar mu a baya. Gara in faɗa muku tun yanzu, ku da kuke bibiyar tafiye-tafiyena: da ɓacin rai nake wannan rubutu, kuma har yau bai sauka ba.

Ni da Alhaji shugaba taron ne ya kai mu. Ita Hajiya tana da nata uzurin, kuma ya fi namu nauyi. A bayan gidanta take ƙyanƙyasar kifi, da wannan sana'ar take riƙe da gida tun da maigidanta ya kwanta ciwo. Bana kuwa abin ya ƙi. Duk sanda ta matse ƙwai ta ƙyanƙyashe, sai ƴaƴan su yi ƴan kwanaki su bi juna su mutu. Waɗanda suka daɗe a harkar suka ce mata iyayen kifin nata ne suka gaji, jini ɗaya ake ta juyawa, sai ta samo sababbin iyaye daga kogi, masu ƙwai a ciki, ta kawo su da rai. Tarwaɗar kogi kuma da damina take ɗaukar ƙwai. Ruwa na ja, shi ke nan sai baɗi, ga shi damina ta zo ƙarshe. Ta daɗe tana waya da wani masunci a wani ƙauye gaba da Kirikasamma, har ya tara mata guda shida. Saboda su ta taho da manyan jarkoki biyu da aka yanke wa baki, waɗanda ɗan kamasho ya yi ta yi mana tsiya a kansu, wai ko fetur za mu je sarowa a kogi.

Hanya ba laifi har Gezawa. Daga nan sai ramukan da damina ta haƙa, direbanmu kuwa irin waɗanda suka yi imani cewa in ka taka rami da gudu ba ya jin ka ne. A Gujungu muka tsaya muka sha shayi da ƙosai mai zafi. Ƙosan ya yi arha har Alhaji ya tambayi mai tuyar ko labarin tsadar wake bai iso mata ba, ta ce ya iso, tausayin mutanen Kano take ji. Da muka shiga ƙasar Kaugama sai duniya ta buɗe. Ruwa dama da hagu, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, wasu gonakin kuma ambaliya ta shanye su, sai kan dawa kake hangowa. Ga kachala, doguwar ciyawar nan da ta toshe musu hanyoyin ruwa, ta miƙe ko'ina kamar ita ta gaji wurin.

Mun isa Haɗejiya da hantsi, muka tarar gari ya cika ya batse. A takardar gayyata an ce an tanadi masauki. Da muka je wurin masu karɓar baƙi, wani mai babbar riga da kati rataye a wuya ya dube mu sama da ƙasa, ya dubi jarkokin Hajiya, ya ce masaukin na manyan wakilai ne. Na tambaye shi ko mu ƙananan a bishiya za mu kwana. Ya ce ba shi ya tsara ba. Wannan magana ta "ba ni na tsara ba" na ji ta a garin nan har ta gundure ni. Kai ka ce aljanu ne suka shirya taron suka gudu.

Allah ya taimake mu da wani abokin harka, Bahaɗeje, mai kawo banda Kano. Yana cikin masu hidimar taron, amma ya ajiye abin da yake yi ya kai mu gidansu. A nan muka haɗu da mahaifiyarsa, tsohuwar da kowa a unguwar ke kira Iya. Tun daga zaure muke jin "Lale, lale da mutanen Kano!" Kafin mu gama gaisawa ta kwashe kayanta daga ɗakinta ta bar wa Hajiya, mu kuma aka share mana shago aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi wadda ba a ganin miyar don kifi. Iya ta tsufa ne a bakin murhun banda, yana nan a tsakar gida, baƙi ƙirin, ya girmi ɗanta. Duk faɗan da zan yi a ƙasa ba da ita nake ba, ba kuma da irinta ba, su ne kuwa suka fi yawa a Haɗejiya.

Da yake sai washegari za a buɗe taron, muka ce bari mu je mu ga kifin Hajiya. Muka ratsa ta kasuwar kifi. Wanda bai taɓa zuwa ba, hancinsa zai kai shi ba sai ya yi tambaya ba. Banda jibge a kwali da kwando, tarwaɗa, karfasa, gargaza, ga masu ɗaure kaya suna ta zuba wa manyan motocin kudu. A gefe guda kuma na ga abin da ya ba ni mamaki, busassun kwaɗi an soke su a tsinke an jera, wai su ma kudu ake kai su. Alhaji ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai duk kwaɗon da ke damun sa da kuka a bayan gida daga yau zai riƙa gaishe shi.

Samun abin hawa ne ya zama aiki. Masu taro sun kwashe duk wata adaidaita mai lafiya a garin, sun manna musu takarda, sun jere su a inuwa suna jiran manyan wakilan da ke barci a otal. Direbobin na zaune suna hamma, mutanen gari na tafiya a ƙasa da kaya a ka. Na ga wata mata da goyo tana roƙon ɗaya ya kai ta asibiti, ya nuna mata takardar da ke jikin gilashi ya ce shi ma ba da son ransa ba. Ƴan acaɓa kuwa sun ga banza, kuɗin da suka kira mana sai da na tambaya ko da babur ɗin za su bar mu. Daga ƙarshe a bayan wata akori-kura mai ɗauke da buhunan taki muka samu wuri har Kirikasamma. Daga nan kwalta ta ƙare mana, muka hau amalanke, shanu biyu na ja cikin taɓo, Alhaji ya tattare rigarsa ya riƙe hula yana ta salati. Inda shanun suka ƙi gaba, nan kwale-kwale ya karɓe mu.

Masuncin dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya tura jirgi da gora ta wata ƴar hanya da suka sare a cikin kachala, har wani lungu mai zurfi, ya jawo wani babban kwando da ya nutsar ya ɗaure a jikin turke. Da ya buɗe, Hajiya ta yi kabbara. Tarwaɗa ne manya, baƙaƙe suna sheƙi, mata huɗu cikinsu ya yi nauyi da ƙwai, maza biyu. Ta sa hannu ta shafa cikin ɗaya a hankali, na ga idonta ya kawo ruwa. Ya ce ya daɗe yana ware su daga cikin abin da yake kamawa, masu saye sun yi ta naci ya hana, tunda ya riga ya yi mata alkawari.

Ba mu ɗauke su ranar ba, don kifi mai ƙwai ba ya son zaman jarka. Gara ya kwana a ruwansa har lokacin tafiya. Muka yi shawara: gobe da azahar zai kawo su gidan su Iya, mu kuma a tsarin taro an ce babban baƙo zai iso ƙarfe goma, a tashi kafin azahar. Muna fitowa mu tarye shi, mu zuba su a jarka da sabon ruwa, mu kama hanyar Kano da sanyin yamma. Muka koma gari da ƙyar kamar yadda muka fito, amma Hajiya har waƙa take yi ƙasa-ƙasa a bayan akori-kura.

Washegari da safe muka fita a ƙafa, don an tare manyan titunan gari tun da sassafe saboda ayarin babban baƙo. Ta lunguna muka bi, muna tsallake kwatami. Filin taron katanga ce ta kewaye shi, ƙofa ɗaya, jami'an tsaro a bakinta. A ciki an kafa rumfuna. Ta gaba mai labule da fanka da kujerun alfarma, babu kowa a cikinta sai kwalaben ruwa. Mu aka ba mu kujerun roba a tsakiya. Masunta kuwa, waɗanda da sunansu aka tara jama'a, waɗanda wasu tun jiya suka baro ƙauyukansu ta ruwa, can baya aka tura su inda rumfa ta ƙare, suka zauna a rana da malafunansu. An kawo wani sabon kwale-kwale an shafa masa fenti an ajiye a gaban mumbari don hoto, shi kam an yi masa inuwa.

Goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Mai gabatarwa ya riƙe lasifika yana ta cewa babban baƙo na kan hanya, yanzun nan zai shigo. Ya gabatar da manyan da ba su zo ba, ya sake gabatar da su. Makaɗa suka yi kiɗa har suka gaji suka zauna. Da rana ta take, mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kujeru suka fara bayyana. Nan ne wani daga cikin masu tsarin ya yi dabarar da har in mutu ba zan manta ba: ya sa aka ja ƙofa aka garƙame da kwaɗo. Wai kada babban baƙo ya zo ya tarar da fili ba kowa, masu ɗaukar hoto su ɗauki kujeru. Aka tsare dubban mutane masu hankali, masu iyali, masu sana'a, don su zama adon hoto.

Ana kiran azahar wayar Hajiya ta yi ƙara. Masuncin ne. Muryarsa na yankewa, muka dai ji ya ce ya iso, ya sa kifin a baho a gidan, ya zuba musu ruwa, zai juya don kada mai jirgin fito ya tashi ya bar shi. Kafin ta ce komai layi ya katse. Ta kira, ta sake kira, ni ma na gwada, Alhaji ya gwada. Taron jama'a ya cushe layin, ko saƙo ba ya fita. Iya ba ta riƙe waya, ɗanta kuma yana nan tare da mu a kulle yana rabon ruwan leda. Duk mai kiwon kifi ya san abin da ke faruwa da manyan tarwaɗa shida a baho ɗaya cikin zafin rana in ba a canza musu ruwa ba. Hajiya ta miƙe ta nufi ƙofa, muka bi ta.

Ta yi wa jami'in bayani da ladabi, ta ce ita kaɗai za ta fita, mu za mu zauna. Ya ce umarni ne daga sama. Ta ce dabbobi ne masu rai, za su mutu, abincin ƴaƴanta ne. Ya yi dariya.

"Haba Hajiya, kifi dai? Garin kifi fa kika zo. In sun mutu ki shiga kasuwa ki sayi wani."

Na ce masa, "Malam, taron masu kifi ne wannan ko na masu kujera?"

Ya ce in koma in zauna kafin ya ɗauke ni a matsayin mai tayar da hankali. Alhaji ya ja ni. Muka nemo mai babbar rigar jiya, ya saurare mu yana duban wani wuri, ya ce ba shi ya tsara ba. Ɗan Iya ya je ya roƙa a matsayinsa na ma'aikacin taro, aka ce ai shi ne ma bai kamata ya fita ba. A cikin filin muka yi sallah, da ruwan leda muka yi alwala. Hajiya ta koma kujerarta ta zauna, waya a hannu. Ni kuwa zuciyata tafasa take yi, don a daidai lokacin wani ke kan mumbari yana karanta jawabi a kan muhimmancin tallafa wa mata masu kiwon kifi.

Sai bayan la'asar muka ji jiniya. Babban baƙo ya shigo da ayarinsa, aka ce mu miƙe, muka miƙe. Bai nemi afuwar kowa ba. Ya karanta abin da aka rubuta masa, ya kira sunan kogin ba daidai ba, ya dafa kwale-kwalen fenti aka ɗauke shi hoto, ya koma mota. Zamansa duka bai kai a dafa shayi a sha ba. Ko masunci ɗaya ba a ba lasifika ba. Taron tsintsiya ba shara ke nan. Motarsa na fita aka buɗe mana ƙofa, muka yi waje kamar awakin da aka kwance.

Babu abin hawa, adaidaitan sun bi ayari. Muka sa ƙafa. Ban san Hajiya na da sauri haka ba, ni da ɗan Iya da ƙyar muke cim mata, Alhaji kuwa tuni muka bar shi a baya. Addu'ata ɗaya, Allah ya sa ko biyu ne su rage da numfashi. Muna shan kwanar layin gidan, ƙamshi ya tarye mu. Ɗan Iya ya tsaya cak, ya dafe kai ya ce, "Innalillahi." Shi ya fara ganewa.

Iya na tsakar gida a bakin murhu, hayaƙi na tashi, fuskarta sharkaf da gumi, tana murmushi. A kan ragar wayar murhun ga kifin Hajiya nan duka shida, an fede su, an wanke, an yanka gunduwa-gunduwa an jera, sun fara yin ja.

"Lale, kun dawo? Sannunku da taro," in ji ta. "Wani bawan Allah ya kawo kifi, ya ce na baƙi ne, Kano za a tafi da shi. Na jira ku, na jira, shiru. Na ga sun fara galabaita a bahon, na ce kifi irin wannan a bar shi ya lalace? Ni kam ban iya gani ba. Na gyara shi wa ɗiyata, ko wata zai yi bai komai. Ƙwan ma ban zubar ba, ga shi can na soya muku da yaji."

A garin nan kifin da zai yi tafiya banda ake yi masa, haka Iya ta gani tun tana yarinya, haka kuma ake karrama baƙo. Itacenta ta ƙona, yininta ta kashe, ita kaɗai ta yi aikin da mutum biyu ke yi. Ɗanta ya buɗe baki zai yi mata bayani, Hajiya ta ɗaga masa hannu. Ta cire takalmi, ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Iya, sannu da aiki. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Kin sha wahala saboda mu."

"Wace wahala, ɗiyata? Baƙona ya tafi da ɗanyen kifi, a ce me a Kano?"

Aka kawo ƙwan da aka soya a faranti, Iya na tsaye a kanmu tana jiran mu yaba. Hajiya ta sa hannu ta ɗebo, ta kai baki, ta haɗiye, ta ce ya yi daɗi. Sannan ta ce za ta shiga ta yi alwala. Ta daɗe ba ta fito ba. Ni na kasa ci, na fita waje na tsaya a ƙofar gida ina ta zagin katanga, har Alhaji ya iso yana haki ya tambaye ni me ya faru.

Da magariba layi ya dawo, muka samu masuncin. Da ya ji, ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Hajiya ta tambaye shi ko za a iya samun wasu, ko biyu ne. Ya ce ruwa ya fara ja, waɗanda yake kamawa yanzu duk sun zubar da ƙwai. Sai dai in Allah ya kai mu wata daminar.

Da safe muka yi sallama. Iya ta ɗaure bandar a kwali da kanta, ta ƙara mana da kuka da daddawa, ta rako mu har bakin titi tana sa mana albarka. Har muka rabu ba ta san abin da ya faru ba, kuma mun roƙi ɗanta kada ya gaya mata. Muka shiga mota. Jarkokin na bayanmu babu komai a ciki, duk ramin da direba ya taka sai su yi ƙara. A Gujungu aka tsaya, ba wanda ya sauka a cikinmu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, kuma ba mai daɗi ba. Haɗejiya gari ne na mutanen kirki, ku je, za a karɓe ku hannu bibbiyu, za ku ci kifin da ba ku taɓa ci ba. Amma ku guje ta ranar da manya suka ce za su zo taimakon talaka. Wanda ya kulle ƙofar nan bai san Hajiya ba, ba zai taɓa sanin ta ba, yana can ana yaba masa cewa fili ya cika. Shi na riƙe a raina, shi da duk wanda ke ganin yinin talaka ba shi da wani amfani sai cika kujera. Ban yafe ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba.

Mun shigo Kano da azahar. Na taya Hajiya kai kaya gida, na shiga na gaida maigidanta a kan gadonsa. Ya tambaye ni, da murnarsa, ko kifin sun iso lafiya, na ce masa Hajiya za ta yi masa bayani. Da na fito na same ta a bayan gida. Ashe kafin mu tafi ta wanke tankunan ƙyanƙyasarta tas, ta cika su da ruwa, ta rufe da sabon gidan sauro, suna jiran baƙi. Ta tsaya ta dube su, ta naɗe hannun riga, ta sunkuya ta zare toshiyar na farko. Ina tsaye ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita kwata.